Ganin Gida Ranar Asabar

Dillalan gidaje a Suleja suna da lokacin da suka fi kai mai saye ganin gida: ranar Asabar da hantsi, galibi a cikin rani. Ban ce makirci suka ƙulla ba, domin ma'aikacin Abuja ba ya samun sukuni sai ƙarshen mako. Sai dai a irin wannan lokaci babu unguwar da ba ta da kyau. Hanya a bushe take, kwata ba ta gudu, yara suna Islamiyya, titi babu cunkoso. Duk wanda ya zauna a bakin wani shago a unguwar Kurmin Sarki ya ga irin wannan ayari: dillali a gaba da tarin makullai, Alhaji a baya yana tattare babbar riga, wani lokaci da uwargida, sai kuma wasu mutum biyu da ba a san aikinsu ba sai ranar rabon la'ada.

Abin da mai saye ke dubawa kusan iri ɗaya ne kullum. Zai ƙwanƙwasa tayil da ƙafa, ya ɗaga kai ya kalli silin, ya ƙirga ɗakunan da ke da banɗaki a ciki, ya auna da ido ko motarsa za ta shiga get. Uwargida ta leƙa kicin da sito, ta duba inda za a yi shanya. Idan ya murɗa famfo bai ga ruwa ba, amsa tana nan a shirye.

"Ranka ya daɗe, yau ne kawai ba a buga ba. Ai nan ruwa ba matsala ba ne."

Daga nan sai a koma mota a shiga tayi da albarka.

Wurin da ya fi cancanta a duba kuwa ba a cikin gidan yake ba. Yana waje, a gindin katanga. Ruwa yakan bar zane a jikin gini, wani layi mai duhu da ke nuna iyakar inda ya taɓa kaiwa, kuma zanen nan ba ya gogewa da sauƙi. Idan ka ga an yi wa ƙasan katanga sabon fenti an bar samanta da tsoho, ka tsaya ka yi tunani. Idan fentin ya rufe komai, to ka dubi katangar maƙwabci, shi ba sayarwa zai yi ba, bai ɓata kuɗinsa ba. Ka dubi ƙofofin layin: wanda ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu, har sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a shiga, ba don ado ya yi ba. Haka tsofaffin buhunan yashi da suka fashe a bakin lungu, da ledoji da tsummokaran da suka maƙale a jikin waya ko gindin bishiya a tsayin gwiwa. Iska ba ta jera shara a tsayi ɗaya. Ruwa ne ke yin haka.

Suleja gari ne na tudu da kwari da duwatsu, ga kogin Iku da ƙananan rafuka da suka ratsa shi. Gida biyu a layi ɗaya, tsakaninsu bai fi taku hamsin ba, ɗaya ya yi barci lafiya a daren da aka kwana ana ruwa, ɗayan ya kwana kwashe katifu. Mutanen gari ba su manta da ambaliyar watan Yulin 2017 ba, wadda ta rushe gidaje ta kuma ci rayuka. Da yawa daga cikin wuraren da ruwa ke ci a yau, dattawa sun san su a matsayin fadama ko hanyar ruwa, inda ake shuka rake da kayan lambu, ba inda ake kafa harsashi ba. Don haka mai niyyar saye da gaske ya koma unguwar a watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa da kamar rabin sa'a, kuma ya tafi shi kaɗai, da ƙafa.

Yadda aka yi fadama ta zama fuloti ba ɓoyayyen labari ba ne. Garin nan shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarakunan Zazzau na Haɓe sun baro Zariya a zamanin jihadi. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Sabon birnin ya ɗauki sunan, ya kuma ɗauki wani yanki na ƙasar masarautar, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na hukumar raya birnin a nan suka yada zango kafin a sami inda za su zauna a can. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, sai masinja da direba da malamin makaranta da ƙaramin akawu suka tarar ba a tanadar musu wuri a cikin birnin ba. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, da hana acaba a tsakiyar birnin a 2006, sun ƙara turo jama'a zuwa Suleja da Madalla, kamar yadda suka tura wasu Mararaba ta ɓangaren Nasarawa. Kowane turi sai ya bar sabbin layuka a inda da gona ce.

Wannan ya sa farashin gida a Kurmin Sarki ba a Kurmin Sarki ake yanka shi ba. Mai sayarwa yana jin labarin abin da ake biya a Kubwa da Gwarinpa, mai saye kuma yana lissafin cewa kuɗin da ba zai saya masa ɗakin mai gadi a Maitama ko Asokoro ba, a nan zai ba shi gida da tsakar gida har da wurin ɗaure ragon layya. Dukansu biyu idonsu yana can bayan Dutsen Zuma. Wanda ke shan wahala a tsakani shi ne ɗan gari, wanda aka haifa a unguwar, yake sana'arsa a kasuwar IBB, ya tashi yin aure ya tarar da fulotin da ke bayan gidan ubansa ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a takardar ciniki. Wanda ke son saninsa ya tsaya a bakin titi ranar Litinin bayan sallar asuba, ya ga yadda ake rububin mota. Hanya ɗaya ce: Madalla, gindin Zuma, Zuba, sannan babban titin da ya bi ta Dei-Dei da Kubwa ya shiga birni. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan tafiya ta zama haya ta biyu da mai gida ke biya kullum, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu ma'aikatan sun koma kwana a wurin abokai ko a ofis, sai Juma'a su dawo. Saboda haka nisan ƙofar gida da bakin titi ba ƙaramin abu ba ne. Gidan da ke can ciki, wanda sai an hau acaba kafin a fito kwalta, yana da araha ranar saye. Amma za a hau acaban nan safe da yamma, mai gida da matarsa da 'yan makaranta, kuma da damina ɗan acaba yakan ƙara kuɗi ko ya ce ba ya shiga.

Ruwan sha ba ya bukatar tambaya. Ka ƙirga kurar 'yan ga-ruwa da ke shiga layin da safe, ka dubi jarkokin da aka jera a ƙofar gidan da ke da rijiyar burtsatse. Wuta ma haka. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma wannan bai taɓa zama hujjar cewa fankarka za ta juya ba. Rufin maƙwabta zai gaya maka: idan duk mai hali ya ɗora farantan sola, ka san dalili. Tambayar da ta fi amfani ita ce yaushe taransifoma ta lalace na ƙarshe, wata nawa ta yi a kwance, kuma nawa kowane gida ya bayar a karo-karo kafin ta tashi.

Akwai wata tambaya da ake yin ta da ƙasa-ƙasa da murya: "Su wane ne a layin?" Suleja ta tara Bahaushe da Bagwari da Koro da Banufe da Bayarabe da Ibo, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Wani yana son ya ji kiran salla daga ɗakinsa, wani yana son cocinsa kusa, wani kuma tsoron ranar tashin hankali ne ya sa yake neman cikin 'yan'uwansa. Ban ga laifin mai wannan lissafi ba, ƙasar ce ta koya masa. Abin da na lura kawai shi ne, da an amsa masa wannan, sai ya ɗauka ya gama binciken maƙwabta. Bai tambayi ko akwai majalisar 'yan shaye-shaye a kangon da ke kallon gidan ba. Bai tambayi ko injin niƙa ko janaretan mai walda yana jingine da bangon ɗakin barcinsa ba. Bai tambayi wa ke biyan 'yan sintiri ba, ko kuwa idan aka yi rasuwa a layin mutum nawa ke fitowa. Mutumin da zai aurar da 'yarsa yakan tura a binciko masa har kakannin yaro, amma shi ne zai zuba guminsa na shekara talatin a gidan da ya gani na rabin sa'a.

Masu ba da labarin gaskiya kuwa suna nan kyauta. Mai shayin bakin layi ya san gidan da ake faɗa kullum. Tsohuwar da ke tuyar ƙosai ta ga ranar da aka haƙa harsashin ginin, ta san ko rami ne aka cike da shara. Ɗan hayan da ke shirin tashi ba shi da abin da zai ɓoye. Gaisuwa da ɗan ciniki sun isa buɗe baki.

"Inna, ina kwana. Gidan can mai shuɗin get, me ya sa mai shi zai sayar?"

Idan ta ce, "To, ɗan nan, Allah dai ya sa alheri," ta ci gaba da juya ƙosanta, ka samu amsa.

Sabbin gidajen masu hali, a nan da kuma wajen Kwamba da Maje, sun zo da nasu fasali: doguwar katanga, waya mai ƙaya a sama, get na ƙarfe, babu zaure babu dakali. Suna da kyau, kuma na fahimci tsoron da ya gina su. Amma wanda ya saba da cikin gari, inda yaro ke yin sallama a zaure a ce ya shigo, ya sani zai iya shekara a irin wannan layi bai san sunan na kusa da shi ba. Wasu abin da suke nema ke nan. Wasu kuma sai bayan sun tare suke gane ba shi suke so ba, musamman iyaye mata da ke wuni a gida.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ke kai mutane kotu. Kowa ya ga rubutun nan na jan fenti da ake yi da Turanci a jikin gini, mai cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. Ba a rubuta shi sai an taɓa gwada sayar da gidan a bayan idon mai shi, ko kuma 'yan gida ɗaya suna ja-in-ja a kansa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, saboda haka takardar mallaka ta gidan Suleja, wadda kowa ke kira C of O, daga gwamnatin Neja take fitowa, ba daga Abuja ba, ko da kuwa mai gidan a Abuja yake wuni. Hukumar NIGIS ce ke riƙe da bayanan filayen jihar. Amma gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ba su taɓa ganin wannan takarda ba. Abin da ke akwai shi ne takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu, wata ma ta sha ninki har ta yage. Wannan ba ya nufin cinikin haram ne, haka iyaye da kakanni suka yi ta saye da sayarwa. Sai dai banki ba ya karɓar ta jingina, kuma ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, zai sha wuya kafin ya ci moriyarsa da irin wannan gida. Shi ya sa mafi yawan ciniki da tsabar kuɗi ake yi: kuɗin sallama na ritaya, ko adashi, ko gonar da aka sayar a ƙauye.

Wanda ya fi kowanne santsi shi ne gidan gado. Babban wa ne ke zuwa da dillali, da fara'arsa, ya ce duk sun amince. Wataƙila gaskiya yake faɗa game da mazan da ke gari. Amma akwai ƙanwar da ke aure a Kaduna, akwai matar marigayi da ke da tumuninta, akwai marayun wani ɗan'uwa da ya rasu bayan uban, waɗanda rabonsa ya gangaro kansu. Su ne ba a kira, kuma su ne ke bayyana bayan shekara biyar, lokacin da mai saye ya rushe ya gina bene. A lokacin dillali ya daɗe da cin la'adarsa.

Idan gidan da ka gani na gado ne, ka nemi ganin takardar rabon gadon daga kotu ko daga malamin da ya raba. Ka sa a lissafa maka magada ɗaya bayan ɗaya, maza da mata, a gaban mai unguwa. Waɗanda ke nesa a kira su a waya kana zaune, ka ji amincewarsu da kunnenka, sannan su sa hannu. Kafin a yi haka, ko kafin alƙalami kada ka bayar.