Daga ɗaya har ɗari

Shekarun da na fara koyar da 'yan nazare, ajina ya fi kowane aji ƙara, kuma da wannan nake taƙama. Da na nuna allo da sanda sai yara su ɗauka daga ɗaya har ɗari ba tuntuɓe. Iyaye na jin daɗi, shugabar makaranta na kawo baƙi su saurara. Duk yaron da na kama da tsakuwa ko murfin kwalba a aljihu kuwa, ƙwacewa nake yi, in ce aji ba wurin carafke ba ne. Akwai wani kwali da makaranta ta saya da tsada, cike da 'yan katakai masu launi da haruffan roba. Na kulle shi a kabad don kada a ɓatar, ba ya ganin rana sai masu duba makarantu za su zo.

Dabino ne ya tona mini asiri. Wata uwa ta aiko da shi sadaka, na ce wa yarinyar da ta fi kowa hadda ta ɗebo mini bakwai. Baki na gudu, yatsa na binsa a baya, ta taɓa wani sau biyu, ta tsallake wani, ta miƙo mini cike da hannu. Sai ga wani yaro da nake yi wa kallon dolo ya ware bakwai cif, ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarsa mai ƙosai ce, kullum yana gefenta ana ƙirga wa masu saye.

Na so in ce tsautsayi ne. Don in wanke kaina na gwada abin da aka taɓa koya mana a kwalejin horar da malamai, gwajin da Jean Piaget, masani ɗan Suwizalan, ya bayyana a littafinsa na 1941. Na jera marafai layi biyu, shida shida, yara suka yarda daidai suke. Na baza layi guda a gabansu, akasarinsu suka ce mai tsawon ya fi yawa. Ga masu wannan shekarun ba abin mamaki ba ne, haka tunaninsu yake kafin ya nuna. Abin kunyar nawa ne, ni da nake rubuta musu maki cikakke a lissafi alhali waƙa kawai na koya musu.

Na san labarin Maria Montessori, na ma ci jarrabawa da shi. A 1907 ta buɗe makarantarta ta farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, inda ake yanka haruffa da takarda mai kaushi, yaro ya bi da yatsa yana furta sautin. Tun kafin ita, Friedrich Froebel da ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a Jamus a 1840, ƙwallo da guntayen katako ya fara miƙa wa yara. Ko a makarantar allo, mai babbaƙu da yatsa yake bin harafi. Na haddace duk wannan kamar yadda na sa yara haddace lambobi.

Da na buɗe kwalin sai na tarar akwai q da v da x, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Na yanka kwali da kaina, na shafa gam, na barbaɗa yashi. Na zuba rairayi a faranti ana zana harafi a goge. Masu rikita b da d suka fara rabe su da hannu, har lanƙwasar ɗ suna jin ta. Don lissafi na tara marafai da ƙwallon goruba. Wake da tsaba na guje su, domin ƙaramin yaro ba ya rasa cusa su a hanci.

Aikin ya fi hadda wahala nesa ba kusa ba. Aji ya cika da hayaniya da rigimar wa ya ɗauki na wa, kuma in ba ka tsuguna kana tambayar yaro nawa ne a hannunsa ba, marafan wasa ne kawai. Wani uba ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malama, kuɗin makaranta na biya ko na wasan ƙasa?" Ban ga laifinsa ba, ni na saba musu da ƙara.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce malamar aji ɗaya na firamare. Ta daɗe tana kukan yaran da nake tura mata ba sa iya haɗa uku da biyu, ni kuma ina cewa a bayan idonta ita ce ba ta iya koyarwa ba. Na same ta lokacin tara na ce, "Yaya, ki yafe mini, gaskiyarki ce." Ta yi dariya ta ce ta yafe, amma in aiko mata da rabin marafan, don yaran da na tura mata bara suna nan a ajinta.