An rufe bakin mai shaida, hayaƙin ya koma ƙirjin ƴaranmu

Makarantar da nake koyarwa tana bakin babbar hanya, don haka rabin darasina da ƙarar kamyo ake yin shi. Ƙarar ba ta dame ni kamar baƙin hayaƙin da suke bari a ƙofar makaranta, daidai tsayin hancin ɗan aji ɗaya. Wannan ne ya sa na dinga tambayar makanikai da karanta abin da na samu a kan injin gazuwal, har na gano wata ƴar na'ura da nake son malamai da iyaye su san da zamanta.

Baƙin da ke cikin hayaƙin gazuwal kunkunniya ce, irin wadda ke taruwa a rufin madafa, sai dai ƙwayoyinta sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Waɗanda ba su wuce mikiromita 2.5 ba sun fi silin gashi siranta kusan sau 30. Hanci ba ya tare su, suna wucewa can cikin huhu. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Tun dokar Euro 5 ta 2009, ƙananan motocin gazuwal na Turai suke fitowa da matata a cikin salansa, mai kama kunkunniyar, ta ƙone ta lokaci-lokaci da zafin da ya kai kimanin digiri 600. To wa zai faɗa idan matatar ta tsage? Nan ne aikin ƴar na'urar. A motocin baya-bayan nan ana dasa ta bayan matata. Kanta tangaran ne, da siraran layukan ƙarfe biyu masu shiga juna kamar haƙoran mataji biyu, amma ba su taɓa juna. Kunkunniya tana ɗaukar lantarki. Idan ta taru ta haɗa layukan, wuta ta wuce, kwamfutar mota ta ƙirga. In taruwar ta yi sauri, matata ta lalace ke nan, sai fitila ta kama a gaban direba. Daga nan na'urar ta zafafa kanta, ta ƙone abin da ya taru, ta sake zaman jira.

Motocin nan suna iso mu bayan sun tsufa a Turai, ta tashoshin ruwa irin na Kwatano da Lome. A nan sukan gamu da man da farar wuta ta yi wa yawa, da ƙura, da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari da ba su barin salansa ta yi zafin ƙone datti. Matata ta toshe, fitila ta kama, mota ta rasa ƙarfi. Wani makaniki ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: sabuwar matata ta fi ƙarfin aljihun mai mota, don haka a fasa ta a zubar, a gyara kwamfuta don fitilar ta yi shiru. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, abincinsa yake nema. Amma kunkunniyar ba ta ɓace ba. Huhun yaron da ke sayar da ruwa a bakin titi, da na ɗalibata mai ciwon fuka, su suka zama matatar.

Ga abin da ke hannunmu. A aji, na sa yara su goga fensir da kauri a takarda, mu haɗa da batir mai bolt 9 da ƙaramin ƙwan LED. Ƙwan ya ɗan haska, sun ga da idonsu yadda baƙin abu ke ɗaukar wuta, wato sirrin na'urar ke nan. Mun kuma shafa basilin a farar takarda, ɗaya a ƙofar titi, ɗaya a bayan azuzuwa, muka kwatanta bayan mako guda. Ku gwada, ku kai takardun taron iyayen yara.

A wurin taron, ku roƙi abu mai sauƙi: direbobi su kashe inji in sun tsaya a ƙofar makaranta, masu abinci su matsa daga bakin kwalta, ƙananan yara su jira iyayensu cikin fili. Wanda kuma ke da motar gazuwal a cikinmu, in fitilar nan ta kama, ya tambayi makaniki abin da ya lalace kafin ya ce a kashe ta. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.