Kafin Maigidanki Ya Biya Kuɗin Gidan Nan na Cikin Ikko

Amarya, matso nan kusa da ni, ki ajiye wayar nan tukuna. Hajiya, don Allah a turo ƙofar, maganar tamu ta cikin gida ce. Na ji an ce maigidanki ya gaji da zaman Agege, yana neman gida a tsakiyar Ikko kusa da shagonsa na Balogun, ke kuma hankalinki ya rabu biyu. Zan gaya miki abin da idona ya gani a shekarun da muka zauna can bayan Babban Masallaci, inda na rage kuma Hajiya da Maman 'yan biyu su cike mini.

Da farko dai kada ki ga laifinsa. Duk mai shiga tsibirin Ikko a mota daga ɓangarenku sai ya hau ɗaya daga gadoji uku: Kata, Eko, ko doguwar nan Tod Menlan da aka kammala a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12. Mutum ya fito tun kafin kiran assalatu, ya yi asuba a hanya, ya sha gosulo a danfo, bai dawo ba sai bayan isha'i, abinci ya huce, jiki ya mutu, ko hira ba ya iya yi da ke. Mu da muka koma ciki, maigidana da ƙafa yake zuwa kasuwa. Ya yi azahar a masallaci, ya biyo gida ya ci abinci da zafinsa, ya koma. Wallahi ƙanwata, ban san daɗin aurena sosai ba sai a lokacin. Wannan kusancin shi zai saya da kuɗinsa, kuma abu ne mai daraja. Sai dai akwai abin da ake biya a bayan fage, kuma galibi mace ce ke biyansa, shi ya sa nake so ki sa baki tun yanzu.

Mu fara da kuɗi. A Ikko ba ka ganin mai gida sai ka bi ta hannun ejan, wato dillalin gida, kuma tun kafin ya ɗaga ƙafa zai karɓi kuɗin duba gida. Gida ɗaya sai ki tarar dillalai sun yi layi a kansa, wannan ya miƙa wa wancan, kowa da nasa kason. Idan aka ce haya naira miliyan 2 ce a shekara, misali nake ba ki, to ki ɗora kashi 10 cikin 100 na ejan, wani kashi 10 na lauya da takardar yarjejeniya, sannan kuɗin ajiya na ɓarna da suke cewa koshin. Kafin makulli ya shigo hannu an doshi miliyan biyu da rabi, ba a yi fenti ba, ba a sa labule ba.

"Ai mu shekara biyu aka ce mu biya a dunƙule," in ji Hajiya.

Haka suke yi, Hajiya, amma doka ba ta ba su ba. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda aka yi zamanin Gwamna Fashola, ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma shi ma mai bayarwar ya yi laifi. An cire Ikoyi, Biktoriya Ailan, Apapa da Ikeja GRA daga cikinta, amma cikin tsibiri tana aiki. Ta ce dole a ba ka rasit. Mai biyan shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida kafin a ce ya tashi, mai biyan wata-wata kuma wata guda, kuma ba a yarda mai gida ya cire rufi ko ya watso kaya waje da ƙarfin tsiya ba, sai ta hanyar kotu. Na sani, idan mutane goma suna bin ɗaki ɗaya, wanda ya tsaya karanta doka wani zai riga shi. Duk da haka wanda ya san hakkinsa daban ake yi masa magana.

Abin da ya fi ba ni tsoro a harkar kuɗin nan shi ne a biya wanda ba shi da gidan. Yawancin gidajen Isale Eko, can cikin tsibiri, na gado ne, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne duk suna da hannu a ciki. Wani ɗan gidan zai karɓi kuɗinka ya ba ka makulli, bayan wata biyu 'yan'uwansa su zo su ce ba su san zancen ba. Maigidanki ya nemi ganin babban dangin, olori ebi, ko lauyan da suka wakilta. Ya tura kuɗi ta banki zuwa sunan da ke kan takarda, kada ya ƙirga wa kowa tsaba a bakin titi. Jihar ma tana da hukumar da ke yi wa dillalan gidaje rajista, LASRERA, yana iya tambayar ejan ko yana da rajistarta.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce a rufe ƙofa. Ginin kansa.

Kin ga dogayen benayen nan sirara da suka cika lungunan tsibiri, hawa huɗu, hawa biyar a kan ɗan fili? Da yawansu ga yadda ake yi: dangi su ba wani ɗan kwangila tsohon gidansu, ya rushe ya gina bene da kuɗinsa, ya ci haya na wasu shekaru, sannan ya mayar musu. Mutumin da ya san gidan ba nasa ba ne har abada, in ba mai tsoron Allah ba, a siminti da rodi zai yi tsimi. Ga ƙasar wurin mai ruwa ce, ga iskar gishiri tana cin ƙarfe. Ranar 13 ga Maris, 2019, bene ya rufta a Ita-Faaji, a saman akwai makarantar firamare. Mutum 20 suka rasu, da yawansu yara ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kuma ginin nan an riga an yi masa alamar rushewa tun kafin ranar. Har gobe idan na tuna iyayen da suka tsaya a bakin ɓaraguzan nan, jikina sanyi yake yi.

Saboda haka idan kun je duba gida, kada sabon fenti da tayil su ɗauke miki ido. Ki zagaya bayan ginin, inda ba a yi wa kwalliya. Ki ɗaga kai ki dubi ƙarƙashin baranda: idan kankare ya ɓare, rodi ya leƙo ya yi jajir da tsatsa, ki ja hannun mijinki ku fita. Ki dubi ginshiƙai, ko akwai tsaga mai tafiya a karkace. Ki lura da bangon gaba, ko akwai jan rubutun hukuma da aka shafe da fenti. Ki tambayi abin da ke hawan ƙasa da na ɗaya, domin kusa da Balogun da Idumota yawanci sito ne, an danƙare shi da dilolin yadi da robobi, ga janareto a gefe, ga matakala ɗaya tak. Gobarar kasuwar nan ba baƙuwa ba ce, kowa ya sani. Gida irin wannan ko kyauta aka ba ku, ban yarda ki kwana a ciki ba.

"Yaya, to wa zai gaya mana gaskiya, tunda ejan ba zai faɗa ba?"

Ɗan garuwa, ƙanwata. Ki samu mai tura kurar ruwa a layin, galibi ɗan'uwanmu ne daga Arewa ko Nijar, ki gaishe shi da mutunci. Shi yake hawa kowane bene da jarka, ya san gidan da famfonsa ke zuwa, ya san wanda bangonsa ke tsattsafo, ya san inda ake rigima da mai gida. Bayansa sai mai shayi da mai gadi. Abin da za su gaya miki a tsaye, ejan ba zai faɗa ba ko a wata guda.

Tunda an zo kan ruwa: gari ne da ruwa ya kewaye, amma na sha wuya yake. Rijiyoyi da burtsatse da yawa ruwansu da ɗanɗanon gishiri, wani ja-ja, yana ɓata fararen kaya, sabulu ba ya kumfa sosai. Na sha da girki saye ake yi, kuma ɗan garuwa kuɗin hawa na huɗu daban yake caji da na hawa na ɗaya, da gaskiyarsa. Ki buɗe famfon da hannunki, ki tara a kofi ki shinshina. Wuta kuma maigidanki ya tabbatar da mita mai kati ce, ta ɗakinku ku kaɗai, kuma wanda ya tashi bai bar bashi a kanta ba. Ya tambaya ko layin na Band A ne, don tun Afrilun 2024 kuɗin wutarsu ya ninka fiye da sau uku.

Sai damina. A nan Yuni da Yuli ne ganiyar ruwa, kuma tsibirin kwance yake kusan daidai da teku. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi ya haɗu da cikowar teku, lambatu ba ya samun inda zai zubar, sai ruwan kwata ya dawo kan titi ya shiga ɗakunan ƙasa. Wanda ya duba gida a watan Janairu bai ga komai ba. In da hali a je ranar da aka kwana ana ruwa. In babu, ki durƙusa ki dubi gindin bango, za ki ga layin da ruwan bara ya bari, kuma ki lura ko maƙwabta sun gina ɗan tudu a bakin ƙofofinsu.

Hajiya tana dariya don ta san abin da zan faɗa. Laima! Ke da kika taso a Katsina, inda ake shanya zane kafin a gama wanke na biyu ya bushe, a nan sai ya wuni ya kwana yana danshi. Yajin da Innarki ta daka miki zai dunƙule, kuka ta yi gudaji, garin tuwo ya canza wari idan ba a cikin roba mai murfi yake ba. Takalmin fata da jakar lefenki da kika adana a ƙasan wadirof, ki buɗe bayan wata biyu ki tarar sun yi furfura da fumfuna kamar dawon da aka manta a ƙwarya. Murhun gas, keken ɗinki, ƙugiyar labule, duk tsatsa ke bin su. Maganinsa ɗaki mai tagogi ta fuska biyu, iska na ratsawa, ki ɗaga akwatuna daga ƙasa, kuma duk ranar da rana ta fito ki baza kaya. Shi ya sa ni hawa na biyu nake so: ya tsere wa ambaliya, bai yi wa mai ciki ko mai goyo nisa ba.

"Ni fa duk da haka ban ga abin da ya kai Obalende ba," in ji Maman 'yan biyu. "Ga namu ko'ina, ga Islamiyya, ga mai nama, in haihuwa ta zo cikin dare akwai wadda za ki buga wa ƙofa da harshenki."

Gaskiyarki, kuma ba yau Hausawa suka fara zama a can ba, tun sojojin zamanin Turawa ne. Daga can zuwa Balogun ma ba wata tafiya ba ce. In ya samu a can, ni ma zan fi samun natsuwa. Amma kada a tsorata ta da mutanen cikin gari. Isale Eko cike take da Musulmi, masallacin Shitta-Bey da ke Titin Matins tun 1894 yake tsaye. Abin da suke so girmamawa ce. Ki rusuna wa tsohuwar gidan, ki ce mata Mama, ki koyi gaisuwar safe da ta yamma da Yarbanci, in kin yi waina ran Juma'a ki aika mata. Wata dattijuwa da muka zauna da ita, ranar da zazzaɓi ya kayar da ni maigidana yana Kano, ita ta goya mini yaro ta raka ni asibiti. Sai dai ki shirya wa hayaniya: ranar Asabar a kafa rumfa a tare layi ana biki har dare, janareto ta ko'ina, masu talla tun da sassafe. Idan kuma aka ce za a yi bikin Eyo, ki yi cefanenki tun jajibiri ki zauna a gida, don ranar ba a yarda a gifta masu bikin da takalmi ko hula ba.

Zirga-zirga kam ta yi sauƙi. An hana acaɓa a tsibiri tun Yunin 2022, amma ga motocin BRT a tashoshin CMS da TBS, ga jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mayil Tu tun Satumbar 2023, ga jiragen ruwa. Wurin wasan yara ne babu, tsakar gida babu, sai baranda. Ku da kuke ku biyu yanzu, wannan ba zai dame ku ba tukuna. In Allah Ya kawo zuri'a suka fara gudu, sai a sake lissafi.

Yau da dare, bayan ya ci abinci ya huta, ki ce masa kina so ki ga gidan da idonki kafin ya ba da ko sisi, kuma ya karɓo takardar yarjejeniyar ya kai wa lauyansa, ba na mai gida ba. In ya amince, ki kira ni. Ni da Hajiya za mu raka ku ran Asabar da hantsi, mu sake komawa bayan magariba mu ga yadda layin yake da dare. Ki sa silifas na roba, kada ki sa takalmin lefe.