Gora da Audugar Rimi: Ƙasar Dawakin Tofa da Kasuwar Kayan Ruwa

Wanda ya fita daga birnin Kano ta titin Katsina, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, ba zai san ya shiga ƙasar Dawakin Tofa ba sai ƙurar Dawanau ta sanar da shi. A nan manyan motoci suke jeruwa, 'yan dako suna loda musu riɗi da zoɓo da citta da waken suya, kayan da za su gangara tashar jiragen ruwa ta Legas su haye teku zuwa Sin da Turkiyya da Meziko. Da ka bar hayaniyar kasuwar ka karkata cikin ƙasa, sai gonaki su karɓe ka, gona na jingine da gona, babu daji a tsakani. Wannan ne yankin da Michael Mortimore da abokin aikinsa suka yi nazari a kansa tun 1965, suka nuna wa duniya yadda manomin Kano yake noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da ya kashe shi ba, da takin gida da shara da jakuna ke kawowa daga birni, da itatuwan da yake bari a tsakiyar gona: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo da rimi.

Ƙasa ce ta tudu, tsakaninta da teku tafiyar kusan kilomita dubu. Don haka mai karatu yana da haƙƙin ya tambaya me ya haɗa ta da kasuwar kayan nutso da na hawan igiyar ruwa. Amsar tana cikin kududdufai. Kusan kowane gari a nan, daga Kwa zuwa Tumfafi, daga Marke zuwa Ɗanguguwa, yana da ramin da kakanni suka haƙa don ɗiban ƙasar gini, ko yumɓun da aka san Dawaki da shi wajen ginin tukwane. Yanzu kuma an ƙara da ramukan da tifofi ke bari bayan sun kwashe ƙasa da yashi don gine-ginen birni, waɗanda suka fi na da zurfi, gefensu kuma a tsaye yake kamar bango. Da rani ramuka ne kawai, awaki na kiwo a cikinsu. Da ruwan Agusta ya sauka sai su zama tafkuna, yara su mai da su wurin wanka. Duk damina sai an ji sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano cewa an ciro gawar yaro ko saurayi daga kududdufi a wata ƙaramar hukuma, har kunne ya saba, abin ya zama kamar rahoton farashin hatsi.

Daga yamma kuma akwai maƙwabciya, Bagwai, inda madatsar ruwan Watari take, wadda aka kammala wajen 1980 cikin jerin madatsun da Jihar Kano ta soma ginawa tun zamanin Audu Bako. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito da ya taso daga Badau ya kife a kan wannan ruwa, ɗauke da fasinjoji fiye da ƙarfinsa, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka faɗa ruwa neman su har da masunta da gwanayen iyo na garuruwan bakin ruwan, mutanen da kayan aikinsu bai wuce numfashin da ke ƙirjinsu ba.

To, a wani ɓangaren duniya akwai masana'anta sukutum da ba ta da aiki sai ƙera wa ɗan Adam abin da zai shiga ruwa da shi. Tarihinta ba mai tsawo ba ne. A 1943 ne Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka haɗa na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunyar da ya goya a baya, gwargwadon yadda ya ja numfashi. A farkon shekarun 1950 aka soma ɗinka rigar roba mai kama jiki da ke tsare ɗumi a ruwan sanyi, daga wata robar masana'anta da ake kira niyofirin, wadda kamfanin DuPont ya fito da ita a farkon shekarun 1930. Daga nan kasuwa ta buɗe: tabarau na ruwa, takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, agogon da ke lissafa zurfi da lokaci, da allunan da matasa ke tsayawa a kai suna bin igiyar teku. Wannan wasa na allo ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021, a gasar Faris ta 2024 kuma aka kai shi can tsibirin Tahiti. Ko a Afirka ta Yamma ya samu gindin zama, a Ngor ta Dakar da Tarkwa Bay ta Legas.

Abin lura shi ne, bunƙasar kasuwar ta zo da abin kunyarta. Mutanen da ke cewa suna ƙaunar teku sun wayi gari sun ga kusan duk abin da suke sawa daga man fetur aka yi shi, kuma idan ya tsufa ba ya ruɓewa. A Disambar 2005 kamfanin Clark Foam na Kalifoniya, wanda shi ke samar da mafi yawan soson da ake sassaƙa allunan da shi a Amurka, ya rufe ƙofarsa dare ɗaya, mai shi yana kukan matsin dokokin muhalli. A 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanya sinadarin da ake yin niyofirin da shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji. Tun daga 2016 kamfanin Patagonia ya daina amfani da niyofirin a rigunansa, ya koma ga robar itace, wasu kamfanonin suka bi sahu. Kalmar da ke bakin kowa a kasuwar yanzu ita ce ɗorewa: a yi kaya daga abin da ƙasa ke tsirarwa, a gyara idan ya yage maimakon a jefar, a sake sarrafa shi idan ya mutu. Ba duka ne gaskiya ba. Wani tallan kore ne a baki, fetur a ciki. Amma alƙiblar ta fito fili.

Kayan nutso na zamani suna nan a Nijeriya, sai dai suna inda kuɗi yake. Mai karatu zai iya tuna Harrison Okene, mai dafa abinci a wani jirgin ja da ya kife a gaɓar yankin Neja Delta a watan Mayun 2013. Ya shafe kusan sa'o'i 60 a ƙarƙashin teku, zurfin mita 30, cikin 'yar iskar da ta maƙale a wani lungu na jirgin, har masu nutso da aka aiko ɗauko gawarwaki suka same shi da rai. Ikon Allah ne, babu shakka. Amma sababin da Allah ya yi amfani da shi mutane ne masu horo da kayan aiki, waɗanda harkar mai ce ta kawo su wurin. Yaron Badau bai da rijiyar mai a ƙarƙashinsa.

Nan ne na ga ya kamata mu dubi abin da ke hannunmu, domin abu biyu da wannan kasuwa ke fafutukar komawa gare su suna nan a ƙasar Hausa tun kafin a haifi Cousteau.

Na farko gora. Duk wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya ga dubban masunta sun faɗa Matan Fada kowa da homarsa da gorarsa. Gorar nan jirgi ce, masunci na kwanciya a kanta ya yi iyo. Rumbu ce, a cikinta yake zuba kifi. Kuma ita ce abin da zai rungume idan ya gaji. Duma ake shukawa a same ta, idan ta tsage a ɗinke, idan ta mutu ta koma ƙasa. Yau a bakin madatsunmu jarka da tsohon tub na taya suna ture ta. Ban ga laifin masunci ba, jarka ta fi araha kuma ba ta jiran kaka. Sai dai jarkar da rana ta gasa takan fashe ba sallama, murfinta kan kwance, kuma yaron da ya ga babba na iyo da ita yakan ɗauki ta gidansu ya nufi kududdufi.

Na biyu ya fi ba ni mamaki, domin yana tsaye a gonakin Dawakin Tofa, kowa na wucewa ta gindinsa. Rimi. Audugar rimi da iyayenmu ke cusa wa matashin kai da katifa ita ce abin da aka riƙa cusa wa rigunan hana nutsewa a jiragen ruwan duniya a rabin farko na ƙarni na 20, har da na sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, kafin soson masana'anta ya karɓe kasuwar. Dalilin a jikin zaren yake: kowane sili rami ne da shi a ciki mai riƙe iska, bayansa kuma da wani maiƙo kamar kakin zuma da ke hana ruwa shiga, shi ya sa ƙaramin ƙunshi ke iya ɗaga nauyin da ya ninka nasa sau da yawa a kan ruwa. Tana da rauninta. Idan aka danne ta aka zauna a kai ta daskare, ko mai ya jiƙa ta, ƙarfinta na raguwa, kuma wuta na kama ta da sauri. Saboda haka masu ƙera rigunan suka koma rufe ta cikin jakunkunan da ruwa ba ya ratsawa kafin a ɗinke. Itacen da ya ba Rimin Gado da Kasuwar Rimi suna ke nan, ga shi yau masu zarto suna kayar da shi don katakon rufi, ba a dasa wani a gurbinsa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake kowane tela ya cusa auduga a buhu ya sayar da sunan rigar ceto ba. Rigar da ba a gwada ba ta fi rashinta haɗari, domin tana sa uwa ta saki jiki ta sa ɗanta a jirgi. Rigar kirki dole ta ɗaga mutum, ta juyo da fuskarsa sama ko da ya suma, ɗamararta kuma kada ta zame ta kai. Wannan aikin awo ne da gwaji, kuma a nan ne nauyin ya faɗo kanmu da ke koyarwa a jami'o'i. Jami'ar Bayero da ta Kimiyya da Fasaha ta Wudil suna da sassan injiniya da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Gram nawa na audugar rimi ke ɗaga yaro mai kilo 25? Wane yadi ne zai jure rana da ruwa damina uku? Bayan wata nawa za a sake gwada rigar? Tambayoyi ne da tankin ruwa da ma'auni za su amsa, sannan Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta duba ta sa hannu. Ɗinki kuwa ba a koya wa Kano shi.

Gwamnatoci kan raba rigunan ceto bayan kowane babban haɗari, kuma tun 2023 akwai ma'aikatar tarayya ta musamman kan harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, ga hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida. Rabon alheri ne, amma kayan rabo ba su da magaji. Rigar da aka shigo da ita daga waje, idan zip ɗinta ya lalace ko soson ya ruguje, babu mai gyara ta a Bagwai, babu rumfar da mai jirgi zai je ya sayi wata. Na zaga layukan Dawanau, inda za ka sayi riɗin da zai cika kwantena cikin yini ɗaya, ban ci karo da mai sayar da ko guda ba. Ba laifin 'yan kasuwa ba ne. Ba su ga mai tambaya ba. Mai tambaya kuwa zai samu ne ranar da Sarkin Ruwa da shugabannin masu fito suka ce jirgi ba ya tashi sai kowane fasinja ya ɗaura, kuma aka sami rigar a farashin da kuɗin fito zai iya biya.

Akwai wasu masu nutson da ba a lissafa su, masu yasar rijiya. Su ba ruwa ke kashe su ba galibi, iskar ƙasan rijiya ce da ta gurɓace, musamman idan an saukar da injin jan ruwa yana hayaƙi a ciki. Na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, shi ma ya faɗi, wani lokacin har na uku. Tukunyar iska da abin rufe fuska irin na 'yan kwana-kwana, 'yar uwar wadda Cousteau ya goya ce, kuma guda biyu a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, tare da mutanen da aka koya wa amfani da su, ba su kai kuɗin motar jami'i ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, ranar da a wurinmu take faɗowa daidai lokacin da kududdufai ke cika. Rimi kuwa da rani yake fasa 'ya'yansa, audugar ta bi iska ta maƙale a kan shinge da karan dawa, watanni kafin ruwan farko ya sauka a Dawaki.