Daga Fagge Zuwa Ɗorayi

Litinin, 12 ga Fabrairu, 2024
Yau muka sallama gidanmu na Fagge a kan naira miliyan 45. Mai sayen ɗan Kantin Kwari ne, kuma bai ɓoye mana ba, rushe shi zai yi ya gina rumbunan ajiye atamfa da shadda, kamar yadda aka yi da gidaje uku a layinmu. Ko ɗakunan bai leƙa ba, faɗin ƙasar kawai ya auna da ido. Ya ba mu wata biyu mu tashi. Bayan an fitar da la'adar dillalai aka raba gado, sai ni da Yaya muka haɗa rabonmu da tumunin mahaifiyarmu Hajiya don mu saya mata inda za ta zauna. Da aka shafa fatiha ta tashi ta shige ɗaki.

Talata, 13
Gida huɗu na gani. Wanda aka faɗa mini miliyan 22 kafin ƙarshen shekara, yau 28 ake nema. Dillali ya ce, "Malam, ka je ka tambayi buhun siminti." Ba sai na je ba, na san ya haura naira 10,000, dala kuma ta wuce 1,500. Duk mai kuɗi a banki so yake ya mai da su ƙasa kafin su narke masa, shi ya sa muke tsere da mutanen da ba matsuguni suke nema ba.

Laraba, 14
Na samu wanda ya kwanta mini a Rijiyar Zaki: ɗaki huɗu, tsakar gida mai faɗi, rijiya, ga masallaci a bakin layi. Na taya 24, mai gida ya ce albarka. Muka yi ta ja har la'asar, ya sallama a 27. Na ba da kafin alƙalami miliyan 2 a gaban shaidu, na roƙi kwana uku in bincika takarda.

Alhamis, 15
Na wuni a ofishin filaye na KANGIS ina bin fayil ɗin gidan. Yaya yana ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa tun rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ba na yarda da takardar da ban ga tushenta ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, ko shaidar mallaka mutum yake da ita, sai da amincewar gwamna ake mai da ita sunan wani. Mutane da yawa ba sa yi, sai ka tarar gida ya ratsa hannu biyar, sunan mamaci yana kan fayil.

Juma'a, 16
Takarda lafiya lau. Bayan an sakko daga masallaci dillali ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. Wani ya ba da 31, kuma a take zai tura.

Asabar, 17
Na sami mai gidan a zaurensa. Ya ajiye mini kuɗina a cikin baƙar leda, ya kasa haɗa ido da ni.
"Alhaji, ai ka sallama, shaidu suna nan."
"Na sani, ɗana. Amma ni ma gini zan yi, kuma abin da na lissafa ranar Laraba yau ba zai kai ni linta ba."
Na tuna masa cewa addini ya hana a yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwa. Ya yi shiru. Na ji zafin abin ƙwarai, don mahaifinmu ya sayi gidan Fagge da musafaha kawai, sai bayan mako biyu ya biya, ba wanda ya motsa. Yaya ya ce mu kai ƙara. Na ƙi, ba na son Hajiya ta kwana a gidan da aka shiga da rigima.

Lahadi, 18
Hajiya ta fara ɗaure kwanukanta. Ban iya gaya mata ba sai dare. Ta ce, "Ba rabonmu ba ne, Auta. Ka nemo mai inuwa."

Litinin, 19
An ce gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti, an tsayar da buhu tsakanin 7,000 da 8,000. Na kira dillalai uku, ba wanda ya rage ko sisi.

Laraba, 21
Na samu wani gida a Ɗorayi, awon igiya ne, ba shi da shaidar gwamnati. Wannan karon da ƙafa na yi binciken. Na gaida mai unguwa, ya buɗe littafinsa ya nuna mini hannun da gidan ya bi. Na tambayi maƙwabta biyu ko akwai magajin da bai sa hannu ba. Na durƙusa na duba gindin katanga, ba shatin ruwan damina, sai wani ɗan tsagu kusa da bakin rariya wanda rabin buhu zai toshe. Lungun matsattse ne, mota ba ta shiga, kuma ɗaki uku ne. Amma akwai darbejiya a tsakar gida. Miliyan 25, na tura kafin mu tashi daga tabarma.

Alhamis, 22
Na kai Hajiya a adaidaita sahu. Ta zagaya, ta ɗebi ruwan rijiya ta ɗanɗana, ta tambayi ina gabas. Ta ce gobe a fara kawo turminta da randa, a ajiye su a gindin bishiyar.