Jiki ba ya jin gudu

Baba ne ya sa ni ajin kimiyya. Burinsa a ce a gidansa akwai likita, ni kuwa a lokacin duk abin da aka ce in yi sai in ce to. Likita dai bai samu ba. Malamin fiziks ya samu, mai koyarwa a sakandare, mai albashin da ba ya ganin ƙarshen wata. Ya yafe min tun yana da rai, Allah Ya ji ƙansa.

Zangonmu na farko a aji huɗu karatun aku muka yi. A rubuta ma'anar gudu a allo mu kwafa, a rubuta dokokin Newton guda uku mu haddace, ranar jarrabawa mu juye su a takarda mu fito da kai fayau. Ɗakin gwaje-gwaje yana nan, amma kullum da kwaɗo a ƙofarsa. A zango na biyu aka turo mana wani ɗan bautar ƙasa siriri, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ran nan ya shigo aji da zaren ɗinki, da rula, da noti biyu da ya roƙo a garejin bakin titi: ɗaya na tayar babbar mota, ɗaya ƙarami da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya buga ƙusa a saman ƙofa, ya ɗaura babban notin a zare mai tsawon mita ɗaya, ya ja shi gefe kaɗan ya saki, ya shiga lilo. Sannan ya tambaye mu: in aka sa ƙaramin a wannan zaren, wanne zai fi saurin kai da komo? Ya ce kowa ya rubuta amsarsa a littafi tukuna, kafin a taɓa komai.

Kusan duk ajin babban muka zaɓa. Wasu ƙalilan suka ce ƙaramin, wai ya fi sauƙin ɗauka. Ba wanda ya ce daidai suke. Ya cire agogon hannunsa ya miƙa wa wani yaro, mu kuma muka ƙirga lilo 20 da baki ɗaya. Daƙiƙa 40, har da ɗan ɗigo. Aka sauya noti, aka sake aunawa don tsawon ya zama daidai da na farko, aka ƙirga: daƙiƙa 40. Aji ya kaure da gardama. Muka ce mai agogo ne ya yi kuskure, aka sauya shi. Muka ce ba a ja su daidai ba, aka sake. Da muka gaji sai ya naɗe zaren ya bar santimita 25 kawai, rubu'in na dā. Lilo 20 suka ƙare a daƙiƙa 20. Ashe tsawon zare ne mai iko, nauyi ba ruwansa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A ranar na ga awo ya kori gani, don ko a lokacin da muke kallo, idona yana ce min babban ya fi sauri. Daga baya na gane cewa abin da ya yi mana shi ne babin da muka haddace a makon farko ba mu san kansa ba, wato hanyar binciken kimiyya. Ka yi tambaya, ka faɗi hasashenka a fili yadda ba za ka iya zamewa ba, ka sauya abu ɗaya tak ka bar sauran yadda suke, ka maimaita, ka rubuta abin da ya fito ko da ya ba ka kunya. Wannan rubuta hasashe kafin gwaji shi ya fi yi min tasiri. Mutum yana da saurin cewa "ai dama na sani" bayan abu ya bayyana, littafinsa ne kaɗai zai ƙaryata shi.

Abin da ke ɓata min rai a yau shi ne yadda jarrabawar gwaji take koya wa yara akasin haka. Yaro ya san ana son jan ƙasa ya fito kusa da 9.8, sai ya faro daga amsa ya komo baya yana ƙirƙiro lambobi, ɗigogin giraf ɗinsa su kwanta a layi sumul. Akwai malaman da su ke nuna musu dabarar. Ni takardar da ɗigoginta suka ɗan warwatse ta fi kwanta min, don na san mai ita ya riƙe agogo da hannunsa. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya samu manyan masana irin su Euclid da Ptolemy suna cewa haske daga ido yake fita ya je ya taɓa abin da ake kallo. Bai ji nauyin sunansu ba. Ya yi gwaje-gwaje da ɗaki mai duhu da 'yar kafa, ya bayyana matakan a Kitabul Manazir yadda wani zai iya maimaitawa, ya kafa hujja cewa haske shigowa ido yake yi. Ina yawan ba ɗalibaina labarinsa, musamman masu ganin kimiyya kayan Turawa ce da aka ba mu aro.

Galileo kuwa na fi son sa da katakonsa fiye da hasumiyar Pisa. Labarin jefo ƙwallaye daga hasumiyar, almajirinsa Viviani ne ya ba da shi, masana tarihi da yawa ba su gamsu da shi ba. Wanda shi Galileo ya rubuta da kansa, a littafinsa da aka buga a Leiden a 1638 yana tsare a gida kuma idonsa ya tafi, ya fi ban sha'awa. Faɗuwar abu ta fi ƙarfin agogon zamaninsa, sai ya rage mata sauri. Ya samu dogon katako ya sassaƙa masa kwari, ya shimfiɗe kwarin da fata mai santsi, ya jingina shi, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. Agogonsa tulun ruwa ne mai siririn bututu: ya tari ruwan da ya zubo yayin gangarowar, ya auna nauyinsa a sikeli. Ya ga rubu'in katakon yana cin rabin lokacin da dukan katakon ke ci. Wato in lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu. In ya ninka uku, nisa ya ninka tara. Kusan shekara dubu biyu ana bin maganar Aristotle cewa mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. A 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare.

Duk wannan daɗin labari ne. Abin da ya shiga rayuwata ya hana ni sakat shi ne dokar Newton ta farko, wadda ya fitar a 1687: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, mai tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da saurinsa, har sai wani ƙarfi daga waje ya sa baki. Ibn Sina ya kusanci wannan tun ƙarni na 11, da ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata da ba ya ƙarewa don kansa sai in wani abu kamar iska ya tare shi. Abin da ke biyo baya shi ne jikin mutum ba ya jin gudu. Galileo ya kwatanta haka a 1632 da ɗakin da ke cikin jirgin ruwa: in jirgin yana tafiya lami lafiya ba tangaɗi, ƙudaje za su yi shawaginsu, ɗigon ruwa zai faɗa cikin kwalbar da ke ƙasansa, ba yadda za ka gane ana tafiya. Mu kanmu ƙasa tana zagaya rana da mu a kusan kilomita 30 kowace daƙiƙa, muna zaune muna shan koko. Abin da jiki ke ji shi ne sauyin gudu: tashin mota, taka birki, shan kwana. Saboda haka direban da ya ce "ni a jikina nake jin mota" ƙarar inji da girgizar bodi yake ji. Mota mai lafiya a kan sabuwar kwalta ta fi kowace yaudara, shi ya sa fasinja ke barci maleji yana kan 130.

Kowace shekara ina fita da 'yan aji huɗu filin ƙwallo da tef da ƙananan duwatsu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direba ya hango saniya, kafin ƙafarsa ta bar totur ta sauka kan birki daƙiƙa ɗaya ta tafi, in ma hankalinsa na wurin. Mu ajiye dutse a mita 28. Daga nan gugar taya da kwalta ce kaɗai za ta tsayar da shi, kuma a busasshiyar hanya da taya mai kyau lissafi yana ba da kusan mita 56. Dutse na biyu a mita 84. Mai gudun 50 kuwa mita 14 ne kafin birki, 14 bayansa. Gudu ya ninka biyu, nisan birki ya ninka huɗu, ƙa'idar katakon Galileo ce ta dawo. Sai in ba su wanda ke kashe musu baki. Motoci biyu a jere, ɗaya tana 100 ɗaya tana 120, suka ga saniyar tare a nisan mita 84, suka taka birki. Ta farko za ta tsaya dab da ita. Ta biyun za ta same ta da gudun da ya haura kilomita 70 a awa. Yaran sukan ce a sake lissafin, kuma ina jin daɗin su faɗi haka.

Akwai wani lissafin da ba a filin ƙwallo na yi shi ba. Bayan sunan ɗanmu na fari da wasu watanni za mu je gaisuwa ƙauye, Inna ta shiga gidan gaba ta miƙo hannu a ba ta jikanta. Na ce, "Inna, don Allah ku dawo baya da shi, ko ku bar shi wurin uwarsa." Ta dube ni ta ce, "Ni da na goye ka har ka yi gemu, yau ni ce ban iya riƙon yaro ba?" Ba maganar iya riƙo ba ce, amma ta yaya ɗa zai faɗa wa uwarsa haka a gaban surukarta? Yaro mai kilo 10, in mota mai gudun 50 ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ƙarfin da hannu ke buƙata don riƙe shi ya kai nauyin kilo 140, kusan buhun siminti uku a fizge lokaci guda. Dokar Newton ta biyu ke nan, nauyi sau saurin sauyin gudu. Babu kakar da ke da wannan hannun, babu ɗan dambe ma. Bel mai maɗauri uku da Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959 aikinsa shi ne ya ɗaure mutum da mota, ya rarraba fizgar a ƙirji da ƙugu, ya ɗan tsawaita lokacin tsayuwar. Ranar ban kawo wa Inna ko lamba ɗaya ba. Na ce rana ce ta fi bugun gaba, za ta sa shi zazzaɓi. Ta yarda nan take ta koma baya. Har yau ina jin nauyin wannan 'yar ƙaryar, kuma in an sake zan sake.

A motar haya kuwa sau da yawa bakina mutuwa yake yi. Namijin da ya ce a rage gudu sunansa matsoraci. Wani dattijo zai ce "yaro, yi addu'a kawai," wani ɗan kasuwa mai sauri ya yi tsaki, direba ya ce ajali ke kisa ba gudu ba. Ni ba na jayayya kan ajali, mitoci kawai na sani. Amma a ajina nake da zaki. A tasha nakan biya kuɗin gidan gaba don in samu bel, in zuba wa maleji ido, in yi ta lissafi a zuci kamar mai jan carbi, ina ganin mace a baya da jariri a cinya ban ce uffan ba. Sanin fomula bai ba ni ƙarfin hali ba, ya dai hana ni barci a hanya.

Wata la'asar muna fitowa daga Zariya za mu Kano na daure na yi wa direba magana, a hankali yadda na baya ba za su ji ba. Na ce, "Maigida, a tafiyar kilomita 200, tsakanin mai gudun 100 da mai 120 minti 20 ne kacal." Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, ka taɓa kwana a hanya mota ta lalace? Minti ashirin ɗin nan wani lokaci shi ne tsakanin ka yi magariba a gari da ka yi ta a daji." Ya ba ni labarin abokin aikinsa da 'yan fashi suka tare da duhu. Tsoronsa na gaske ne, ban raina shi ba, ko da yake na san da tsakar rana ma haka yake tuƙi. Na gaya masa labarin motoci biyu da saniya. Ya yi shiru har muka wuce Kwanar Dangora, sannan ya ce in maimaita masa lambar ƙarshen. Na ce saba'in da 'yan kai. Ya ɗan sassauta ƙafa, allura ta sauko 110 ta zauna nan har muka shiga gari. Da wannan gudun yana buƙatar mita 99 kafin ya tsaya, in hanya a bushe take kuma tayoyinsa ba 'yan gwanjo ba ne.