Ƙudan Dutse da Malam-buɗe-littafin Dare

A ƙasar Gafasa, inda rairayi ya fi duwatsu yawa kuma ruwan kududdufai ke ɗumi, da wuya a ci karo da ƙudan dutse, wato ƙwaron da 'ya'yansa ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsun rafi mai gudu da sanyi, suna mutuwa da zarar ruwan ya gurɓata. Malam-buɗe-littafin dare kuwa ɗan gida ne, domin tsutsarsa ganye take ci kafin ta lulluɓe kanta ta fito da fukafukai. Daga danginsa ne tsutsar masara ta fito, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016, kuma abin damuwa ne yadda take cinye zuciyar shuka tun kafin manomi ya ankara.